Nasiha Ga 'Ya'yana Kan Rigimar Fim ɗin 'Yar Ruwa

 Ku ba ni aron kunnuwanku mu yi magana kan The Little Mermaid, fim ɗin tatsuniyar da kamfanin Disney ya fitar a watan Mayun 2023, labarin 'yar sarkin teku da ta ƙyalla ido ta ga ɗan sarkin bil'adama. Abin da jama'a suka yi a kansa ya fi fim ɗin tsaya mini a rai, don na ga wasunku sun shiga rigimar har da tayar da jijiyoyin wuya.

Tun a 2019, da aka sanar cewa Halle Bailey, wata mawaƙiya baƙar fata 'yar Amurka, ita za ta fito a matsayin Ariel, 'yar sarkin tekun, wasu suka ce sam ba su yarda ba. Hujjarsu ita ce Ariel ɗin da suka sani a katun na 1989 fara ce mai jan gashi. A lokacin ko fara ɗaukar fim ɗin ba a yi ba. Da aka saki tallansa a Satumbar 2022 ƙura ta sake tashi, su kuma iyaye baƙar fata suka riƙa ɗaukar bidiyon 'ya'yansu mata suna tsalle don sun ga mai kama da su. Bayan fitowarsa, dandalin IMDb, inda 'yan kallo ke ba fina-finai maki, sai da ya sanar cewa ya ga ana zuba maki ta hanyar da ba a saba gani ba, ya kuma sauya yadda yake lissafi.

Wannan faɗa yana da tushe a can. Amurka ƙasa ce da ta yi zamanin bauta da wariyar launin fata, inda aka daɗe ba a ba baƙar mace rawa a fim sai ta mai aikin gida. Disney ba ta yi gimbiya baƙar fata a katun ba sai a 2009, wato Tiana. Murnar yarinyar can da fushin mutumin can duk suna da tarihi a bayansu. Kai da kake zaune a Kano ko Maraɗi, kana zagin wanda ba ka taɓa gani ba saboda launin wata halitta da babu ita, shiga sharo ba shanu kake yi.

Masu cewa an ɓata asalin labari kuwa, wane asalin suke nufi? Wanda ya rubuta shi, Hans Christian Andersen, mutumin Denmark ne, a 1837, kuma nasa labarin ɗaci gare shi. Bokanyar teku yanke harshen yarinyar ta yi. Duk takun da ta yi da sababbin ƙafafunta ji take kamar kan wuƙaƙe take tafiya. Ɗan sarki ya auri wata, 'yan'uwanta suka kawo mata wuƙa ta kashe shi ta tsira, ta ƙi, ta faɗa teku ta narke ta zama kumfa. Katun ɗin 1989 da ake rantsuwa da shi ya zubar da duk wannan, ya ƙare da biki. Mu kuwa bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Marigayi Abubakar Imam ya ɗebo labarai daga Alfu Laila da na 'yan'uwan nan Jamusawa, Grimm, ya sa musu riga da rawani a Magana Jari Ce, har yau yaro na karantawa bai san baƙi ba ne. Tatsuniyar Gizo ma, yadda kakarku ta wajen uwa take faɗinta daban da ta wajen uba, kuma ba a taɓa kai ƙara gaban mai unguwa ba.

Ban ce kada a kushe fim ba. Waɗanda suka zauna suka kalla sun faɗi abubuwan da ke da ƙamshin gaskiya. Katun ɗin minti 83 ne, wannan kuwa ya kai 135, yaro ya gaji. Wasu wuraren na ƙarƙashin ruwa sun yi duhu, kifin nan Flounder da ƙaguwa Sebastian an mai da su kamar na gaske har fuskokinsu sun daina nuna murna ko tsoro. Muryar Halle kuwa, har da dama cikin masu kushe sun sallama mata. Fim ɗin ya tara kusan dala miliyan 570 a duniya, ko da yake bai yi kasuwa a Sin da Koriya ta Kudu ba. Irin wannan hukunci ina girmama shi, don mai shi ya gani da idonsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne hayaniyar ta rufe maganar da ta shafe mu. Me ya kai Ariel wurin bokanya Ursula? Mahaifinta, Sarki Triton, ya gano tana tara kayan mutane a ɓoye, ya fusata ya farfasa su a gabanta. Bai zaunar da ita ya ji abin da ke ranta ba. Tana cikin kuka mai daɗin baki ta same ta, kuma a wannan sabon fim Ursula gwaggonta ce, 'yar'uwar uban, ta gida. Ta yi mata alkawarin ƙafafu na kwana uku, da sharaɗin ta miƙa muryarta. Ku iyaye maza, da ku nake. Tsawa tana sa yaro ya yi shiru, amma ba ta cire abin da ke zuciyarsa, sai dai ya kai shi wurin wanda zai saurare shi, kuma ba kullum mutumin kirki ne ke da lokacin sauraro ba. Ku kuma 'yan matana, duk wanda ya ce zai biya miki buƙata amma kada ki faɗa wa kowa a gida, cinikin Ursula yake yi da ke. Fim ɗin ya ƙare da daɗi saboda Disney ce ta yi shi, a zahiri ba kowace ke samun muryarta ta dawo ba.

Akwai kuma abin da bai yi daidai da tarbiyyarmu ba, kamar shigar 'yan ruwan da maganar sumba, wadda labarin ya rataya a kanta. Uba ko uwa da suka ga bai dace da ƙananan yaransu ba suna da gaskiyarsu, kuma ba sai sun zagi kowa ba kafin su hana.

Roƙona gare ku, kafin ku miƙa wa yaro waya ya kalla, ku fara kallonsa da kanku. In kun yarda ya gani, ku zauna tare da shi, in an gama ku tambaye shi wa ya fi laifi tsakanin Ariel da mahaifinta, ku bar shi ya gama maganarsa kafin ku faɗi taku.