Mastan birkin tsohuwar akori-kura: gyara ko sauyi?

In kana riƙe da tsohuwar akori-kura irin Peugeot 404 ko 504, gwada wannan tana tsaye: taka birki ka danne, kada ka ɗaga ƙafa. Idan ya riƙa nutsewa a hankali alhali babu mai a ƙasa ko a bayan tayoyi, robobin cikin masta sun gaji, mai na zillewa ta gefensu.

Kafin ka sayi sababbin robobi, sa bakanike ya kwance mastan ya haska cikin bututunsa. Man birki yana shan ruwa daga iska, ruwan kuma ya kwanta ya ci ƙarfe. In cikin sumul yake, robobi sun wadatar. In tsatsa ta yi ramuka, sayi sabo kawai, don sabuwar roba ba ta daɗewa a kan rami. A ganina tsumulmula a nan ganganci ce, musamman ga motar da layin birkinta ɗaya ne: ya yoye, tayoyi huɗu sun rasa birki.

Zuba man birki DOT 3 ko DOT 4 daga sabuwar kwalba. Fetur ko man inji kada su taɓa robobin, kumbura su suke yi.

A fitar da iskar mastan tun kafin a ɗaura shi, sannan a bi tayoyi a fitar da tasu, daga mafi nisa da mastan. A kuma bar ɗan wasa tsakanin sandar turawa da fistan, in ba haka ba birki zai riƙa kamawa da kansa idan ya ɗauki zafi.