Sunan Zuri'a a Al'adar Ingilishi: Asali da Ma'ana da Yaɗuwar Sunan Smith

1.0 Gabatarwa

Suna linzami ne, in ji Hausawa, domin da shi ake juyo da hankalin mai shi. A wurin mai nazarin harshe da al'ada kuwa, suna yana da wani aikin na daban, wato adana tarihi. Sau da yawa wata sana'a takan gushe, ko wata kalma ta ɓace daga bakin jama'a, amma a tarar da ita a maƙale a cikin sunayen mutane. Wannan darasi zai duba sunan zuri'ar da ya fi kowane yawan masu amsa shi a ƙasar Ingila, wato Smith. Za a bayyana yadda al'adar gadon suna ta samo asali a can, da ma'anar wannan suna, da dalilan da suka sa ya yaɗu. Daga nan za a kwatanta shi da tsarin sunayen Hausawa.

2.0 Samuwar Sunan Zuri'a a Ingila

Sunan zuri'a shi ne sunan da ɗa yake gada daga ubansa, shi ma ya gadar wa nasa 'ya'yan, har ya zama tambarin gidan baki ɗaya. Kafin ƙarni na 11, galibin mutanen Ingila suna ɗaya kowa yake da shi. Idan an sami masu suna iri ɗaya a ƙauye, sai a ƙara wa kowane laƙabi don a bambanta su, amma laƙabin yakan mutu tare da mai shi.

Al'amarin ya fara sauyawa bayan shekarar 1066, lokacin da Sarki William na Nomandi, wani yanki na arewacin Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Manyan fadawansa da aka raba wa filaye su ne suka fara riƙe suna ɗaya daga uba zuwa ɗa, saboda sunan yana taimakawa wajen tabbatar da haƙƙin gadon ƙasa. A shekarar 1086 sarkin ya sa aka yi ƙididdigar filaye da masu su a wani kundi da ake kira Domesday, kuma a cikinsa an rubuta mutane da dama da laƙabinsu. Sannu a hankali al'adar ta gangaro daga sarakuna zuwa attajiran birane, sannan ta isa ga manoma da masu sana'a.

Hukuma ta taka rawa wajen ɗorewar waɗannan sunaye. Harajin kai da aka karɓa a shekarun 1377 da 1379 da 1381 ya sa aka rubuta sunayen talakawa masu ɗimbin yawa. Zuwa wajejen shekarar 1400, yawancin gidajen Ingila sun riga sun sami sunan da suke gada. A shekarar 1538 aka umarci kowace majami'a ta riƙa rubuta baftisma da aure da binne mamata, sannan a 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. Da zarar suna ya shiga takarda, sauya shi yakan yi wuya.

3.0 Rabe-raben Sunayen Zuri'a

Masana, irin su P. H. Reaney wanda ya wallafa ƙamus na sunayen zuri'a na Birtaniya a 1958, sun kasa waɗannan sunaye gida huɗu:

(a) Sunayen da aka samo daga sunan uba, kamar Johnson, wato ɗan John, da Williams da Jones.

(b) Sunayen da aka samo daga wurin zama, kamar Hill, mazaunin tudu, da Wood, mazaunin bakin daji.

(c) Sunayen da aka samo daga siffa ko hali, kamar Long, dogo, da Short, gajere, da Brown, mai launin ƙasa-ƙasa a gashi ko a fata.

(d) Sunayen da aka samo daga sana'a, kamar Taylor, maɗinki, da Baker, mai gasa burodi, da Miller, mai niƙa, da Clark, magatakarda.

Sunan Smith yana cikin kashi na huɗu, kuma shi ne jagoransu wajen yawa.

4.0 Asali da Ma'anar Smith

Kalmar ta fito ne daga tsohon Ingilishi, harshen da aka yi magana da shi a Ingila kafin zuwan mutanen Nomandi. Ma'anarta ita ce mai sarrafa ƙarfe, wato maƙeri. Tana da 'yan'uwa a sauran harsunan da suka haɗa tushe da Ingilishi, shi ya sa ake samun Schmidt a Jamus da Smit a Holan, duk da ma'ana ɗaya. Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun amfani da kalmar a matsayin laƙabi shi ne na wani mutum mai suna Ecceard Smith, daga yankin Durham a arewacin Ingila, wanda aka rubuta sunansa a wajejen shekarar 975. A wancan lokaci laƙabin yana nuna sana'ar mutumin ne kawai, bai zama abin gado ba tukuna.

A takardun hukuma na wancan zamani, waɗanda akasari da Latin ake rubuta su, magatakarda sukan fassara laƙabin su rubuta Faber, wadda ita ma maƙeri take nufi. Haka kuma, da yake ba a daidaita ƙa'idar rubutun Ingilishi ba sai daga baya, an sami siffofi irin su Smyth da Smythe, waɗanda asalinsu ɗaya ne da Smith.

Akwai kuma sunayen da suka tsiro daga wannan tushe. Smithson yana nufin ɗan maƙeri. Goldsmith shi ne maƙerin zinariya, Arrowsmith maƙerin kan kibiya, Shoesmith kuma mai ƙera takalmin doki. Kowane ɗaya daga cikinsu yana nuna yadda sana'ar ƙira ta rarrabu zuwa fannoni a biranen Ingila.

5.0 Dalilan Yaɗuwar Sunan

Dalili na farko shi ne buƙatar da kowace al'umma take da ita ga maƙeri. A Ingila ta wancan zamani, manomi bai iya noma sai da bakin garma da lauje, mai doki bai iya tafiya mai nisa sai an sa wa dokinsa takalmin ƙarfe, mayaƙi kuma yana buƙatar takobi da sulke. Saboda haka da wuya a sami ƙauye babba da ba shi da maƙera. Maƙeri ɗaya ko biyu sukan ishi ƙauye guda, don haka laƙabin ya isa ya bambanta mutum da maƙwabtansa. Da a ce kowa manomi za a kira shi, da laƙabin bai bambanta kowa ba, tunda mafi yawan jama'a noma suke yi. Ta haka sunan ya tsiro a ɗaruruwan garuruwa daban-daban, ba tare da masu shi sun san juna ba.

Dalili na biyu shi ne fassara. A ƙasar Ayalan akwai zuri'ar Mac Gabhann, wato ɗan maƙeri a harshensu na gado. A ƙarƙashin mulkin Ingila, da yawa daga cikinsu, musamman a gundumar Cavan, sun mayar da sunansu Smith. Haka ya faru ga wasu masu irin wannan suna a Sikotilan. A Amurka kuma, baƙi da dama da suka zo daga Jamus da sunan Schmidt sun sauya shi zuwa Smith domin su saje da jama'ar da suka tarar.

Dalili na uku shi ne ƙaura da mulkin mallaka. Tun daga ƙarni na 17 mutanen Birtaniya suka riƙa ƙaura zuwa Amurka ta Arewa, daga baya kuma zuwa Ostareliya da sauran ƙasashe, suna tafe da sunayensu. Kyaftin John Smith yana cikin waɗanda suka kafa garin Jamestown a 1607, wanda shi ne mazaunin Ingilishi na farko da ya ɗore a Amurka.

Dalili na huɗu yana da ɗaci, domin ya shafi cinikin bayi. 'Yan Afirka da aka kai Amurka an raba su da sunayensu na gado. Bayan da aka haramta bauta a can a 1865, da yawa daga cikin 'yantattun bayi sun riƙe sunan gidan da ya mallake su, wasu kuma suka zaɓi wani sanannen suna. Wannan ne ya sa ake samun baƙaƙen fatar Amurka masu yawa da suke amsa Smith, alhali kakanninsu ba su taɓa zama a Ingila ba.

6.0 Yawan Masu Sunan

Smith shi ne sunan zuri'a mafi yawa a Ingila da Sikotilan, kuma masu amsa shi a Birtaniya sun haura rabin miliyan. A Wales kuwa Jones ne yake kan gaba, a Ayalan kuma Murphy. A Amurka, ƙidayar jama'a ta 2000 ta sami mutum 2,376,206 masu sunan Smith, ta 2010 kuma ta sami 2,442,977, inda Johnson ya biyo baya da 1,932,812. A Ostareliya ma shi ne na farko.

Fifikon sunan maƙeri bai tsaya ga masu magana da Ingilishi ba. Lefebvre a Faransa, da Ferrari a Italiya, da Kowalski a Folan, da Kovács a Hangare, da Kuznetsov a Rasha, da Haddad a ƙasashen Larabawa, duk daga sana'ar ƙira aka samo su, kuma sanannun sunaye ne a ƙasashensu.

Daga cikin fitattun masu sunan akwai Adam Smith (1723–1790), masanin tattalin arziki ɗan Sikotilan. Wasu kuma sun bar tarihi a ƙasar Hausa. M. G. Smith ya yi nazarin tsarin sarautar Zazzau, ya wallafa littafinsa a kanta a 1960. Matarsa Mary Smith ita ce ta rubuta tarihin rayuwar Baba ta Karo, wanda ya fito a 1954. Farfesa Abdullahi Smith, masanin tarihi da ya musulunta, shi ne ya kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Akwai kuma Sir Bryan Sharwood-Smith, Gwamnan Jihar Arewa daga 1954 zuwa 1957, wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Wandon Ƙarfe.

7.0 Kwatanci da Sunayen Hausawa

Hanyoyin nan huɗu da aka ambata duk suna nan a al'adar Hausawa. Akan jingina mutum ga ubansa, ko ga garinsu kamar a sunayen Aminu Kano da Shehu Shagari, ko ga siffarsa kamar Dogo da Jatau, ko ga sana'arsa kamar Maƙeri da Wanzam da Tela. Kalmar tela ma an aro ta ne daga kalmar Ingilishi da ta haifar da sunan Taylor. Bugu da ƙari, kamar yadda Hausawa suka raba maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe da maƙeran fari masu aikin azurfa da makamantanta, Ingilishi ma ya raba maƙera da kalmomin baƙi da fari.

Bambancin yana wajen gado. A gargajiyar Hausawa sana'ar ake gada, ɗan maƙeri yakan tashi yana zuga, ya saba da masaba da awartaki, kuma akwai sarautar Sarkin Maƙera. Amma laƙabin yana bin mai yin aikin ne, sunan da ɗa yake jinginuwa da shi kuma yana sauyawa daga tsara zuwa tsara: Musa ɗan Audu zai haifi Sani Musa. A Ingila kuwa sunan ne ya daskare, ya ci gaba da bin zuri'a ko da an bar sana'ar shekaru ɗari shida da suka wuce. Wannan bambanci shi ne yake jawo ruɗani idan Bahaushe ya zo cike takardar makaranta ko ta fasfo da aka tsara bisa al'adar Turawa. Wani ya sa sunan uba a gurbin sunan zuri'a, wani na kaka, wani na gari, har a wayi gari takardun mutum ɗaya sun saɓa wa juna.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Na farko, tarayya a sunan Smith ba ta nuna dangantakar jini, saboda sunan ya tsiro daga tushe masu yawa. Na biyu, mai fassara ba ya fassara sunan zuri'a. Adam Smith yana nan a Adam Smith cikin rubutun Hausa, ba a mayar da shi Adamu Maƙeri, domin kalmar ta riga ta bar aikinta na bayyana sana'a ta koma alamar gida.

8.0 Kammalawa

An ga cewa sunan Smith ya faro ne a matsayin laƙabin maƙeri, ya zama abin gado tsakanin ƙarni na 12 da na 14, sannan ya yaɗu ta hanyar yawan maƙera da fassara da ƙaura da bauta. An kuma ga cewa Hausawa da Ingilishi sun yi tarayya a hanyoyin laƙaba suna, sun sha bamban wajen gadonsa. Malamin da zai karantar da al'ada ko fassara yana buƙatar sanin wannan bambanci, domin ya iya shiryar da ɗalibansa wajen rubuta sunayensu da na wasu al'ummu daidai.

9.0 Tambayoyi

1. Mene ne sunan zuri'a? Bayyana rawar da hukuma ta taka wajen ɗorewarsa a Ingila.
2. Kawo rabe-raben sunayen zuri'a guda huɗu, tare da misali ɗaya na Ingilishi da ɗaya na Hausa a kowane kashi.
3. Me ya sa laƙabin maƙeri ya fi na manomi dacewa wajen bambanta mutane a ƙauye?
4. Tattauna dalilai huɗu da suka sa sunan Smith ya yaɗu a duniya.
5. Tattaro sunaye goma na Hausawa da suka samo asali daga sana'a, sannan a bayyana ko ana gadon su a yankin da aka samo su.