In Wani Ciwo Ya Iske Mai Ciwon Sukari

Wannan 'yar takarda taku ce, ku manoman ƙasar Funtuwa da Malumfashi, da na Bakori da Ɗanja da Ƙafur da Ɗandume. In akwai mai ciwon sukari a gidanku, a karanta ta a gaban kowa, sa'an nan a adana ta. Ranar amfaninta tana zuwa.

Ciwon sukari iri-iri ne. Wanda mu ke magana a kansa shi ne iri na biyu, watau wanda ya fi kama manya. Mai shi yana iya shekara da shekaru yana noma, yana cin kasuwa, muddin yana shan magani yana kiyaye abinci. Ranar da wani babban ciwo ya iske shi, ranar ce ta hatsari. Abin da mu ke so ku riƙe shi ne wannan: ciwo yana ta da sukari, ko da majinyaci bai ci kome ba.

MISALI

A ce ga wani magidanci, watan Agusta, ruwa ya zauna, sauro ya yi yawa. Zazzaɓi ya kayar da shi, ya kasa cin tuwo. Sai ya ce, tun da ba ya cin abinci, ina sukari zai fito? Ya ajiye maganinsa duka, har da allura. Ba wanda ya auna shi, ba wanda ya je ya tambaya. Uwargida, don tausayi, ta riƙa ba shi lemon kwalba wai ya sami ƙarfi. Kwana biyu sai yawan fitsari da ƙishirwa. A na huɗu ya fara sambatu, aka ce zazzaɓi ne ya hau kai. Kafin a sami mota ba ya gane kowa.

Ba wanda ya yi mugunta a gidan nan. Rashin sani ne kurum.

DALILIN DA YA SA SUKARI KE HAWA

Abincin da mu ke ci, tuwon masara ne ko na dawa, shinkafa ce ko fura, yana komawa sukari a cikin jini. Akwai wani ruwa da jiki ke yi, sunansa insulin, shi ne mabuɗin da ke shigar da sukarin nan cikin tsoka don ya zama ƙarfi. Mai ciwon sukari iri na biyu yana da mabuɗin, amma bai isa ba, kuma ƙofar ta yi tsatsa.

Hanta kuwa ita ce rumbun jiki, a nan a ke ajiye sukari don ranar buƙata. Sa'ad da babban ciwo ya shigo, jiki yakan ɗauka yaƙi ne ya zo, sai ya ba da umurni a fasa rumbu. Sukari ya tuttuɗo cikin jini, ga ƙofa a rufe. Sai ƙoda ta shiga zubar da shi ta fitsari, shi kuwa ba ya fita sai ya ja ruwa mai yawa. Jiki ya bushe, jini ya yi kauri, sukari ya daɗa hawa. Ƙarshen wannan hanya dogon suma ne, wanda ke kisa.

Har wa yau, sukari mai yawa yana raunana dakarun jiki, sai ciwon ya ƙi tafiya, miki ya ƙi warkewa. Ciwo na tura sukari, sukari na tura ciwo.

CUTUTTUKAN DA ZA KU LURA DA SU

Zazzaɓin cizon sauro, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka. Tsohon abokin gābarmu ne. Tun a shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da na Ingila suka zauna a ƙasar Malumfashi suna bincikensa a ƙauyuka. Sai taifot, da amai da gudawa, da ciwon huhu lokacin hunturu, da zafin fitsari, da maruru, da gyambo a ƙafa. Akwai kuma masu daɗewa, irin su tarin fuka, da ciwon daji, da ciwon ƙoda, da shanyewar ɓarin jiki.

KAFIN CIWO YA ZO

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar zuwa karɓar magani, ku roƙi likita ko malamin asibiti ya rubuta muku a bayan kati: wane magani za a ci gaba da shi ranar ciwo, wane ne za a dakatar. Ku karɓi lambar wayarsa. Ku tanadi na'urar awon sukari da tsinkayenta. In ta fi ƙarfin gida ɗaya, a haɗa kuɗi a unguwa, amma kowa da abin hudarsa, ba a yin tarayya a kansa. A koya wa mutum biyu yin awo, gama ranar da maigida ya kwanta ba shi zai auna kansa ba. In an kai auduga ko masara kasuwa, a ware kuɗin mota a ɓoye.

DOKOKI SHIDA NA RANAR CIWO

1. A auna. Kowace awa huɗu, dare da rana. A rubuta lokaci da lamba a takarda. Na'urori iri biyu ne, wata tana ba da manyan lambobi, wata ƙanana. 70 a babba daidai ya ke da 3.9 a ƙarama, 250 kuwa wajen 14 ke nan. Ku san irin taku.

2. A sha ruwa. Ruwa mai tsabta, kofi guda kowace awa in yana farke, kurɓi-kurɓi. A ƙara da romo mai ɗan gishiri. Ban da lemon kwalba, da rake, da mazarƙwaila, da zoɓo mai sukari, sai fa in sukari ya faɗi. In akwai gudawa, a ba shi ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, ƙunshi ɗaya a lita ɗaya. Kada ku ji tsoron ɗan sukarin da ke ciki, bushewar jiki ta fi shi hatsari. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda, ya bi maganar likita.

3. A ci ko kaɗan ne. In tuwo ya gagara, a dama kunu ko koko ba sukari, ko farau-farau da nono, ko fate mai ruwa. Ludayi kaɗan kowace awa biyu ko uku ya fi zama da yunwa.

4. Ba a barin allurar insulin don an kasa cin abinci. Sau da yawa jiki ya fi buƙatarta ranar ciwo. Ƙari ko ragi kuwa, awo ne zai nuna, likita ya faɗa.

5. A lura da ƙwayoyi. Metfomin, wadda a ke sayarwa da sunan Glucophage, a kan dakatar da ita in akwai amai ko gudawa mai yawa, gama in jiki ya bushe ƙoda ba ta iya fitar da ita. Gilibenkilamid, wadda aka fi sani da Daonil, tana iya kayar da sukari ƙasa ƙwarai ga wanda bai ci abinci ba. Ƙwayar sa fitsari da waɗansu na hawan jini su ma a kan dakatar da su. Amma ranar da kuka dakatar da magani, ran nan za ku nemi ma'aikacin lafiya. Dakatarwa a zauna shiru, ita ce ta kayar da magidancin can.

6. A nemi maganin ciwon da ya shigo. Zazzaɓi, a yi gwajin jini a ranar farko, kada a yi ta canki-canki a kemis. Duk wanda zai ba ku magani, ku fara gaya masa akwai ciwon sukari.

IN SUKARI YA FAƊI

Wannan shi ne ɗaya ramin, kuma ya fi saurin cin mutum. Zazzaɓi mai tsanani yana iya kayar da sukari, haka kuma maganin kwinin. Alamunsa: rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa, faɗa ba dalili, ruɗewa. In na'ura ta nuna ƙasa da 70, ko kuwa ba na'ura amma ga alamun, a jiƙa sukari cokalin shayi uku a ruwa a ba shi. Zuma cokalin cin abinci guda ma ta yi. Bayan minti 15 a sake awo, in bai tashi ba a maimaita. Da ya farfaɗo, a ba shi kunu. In maganin Daonil ne sanadi, yana iya sake faɗuwa, saboda haka a kai shi asibiti.

In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki, zai shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a ɗauke shi nan take.

SA'AD DA ZA A TAFI ASIBITI BA JIRA

In awo ya wuce 250 sau biyu a jere, ko na'ura ta rubuta HI.
In amai ya hana ruwa zama a ciki har awa huɗu.
In harshe ya bushe, ido ya faɗa, ko fitsari ya ɗauke.
In numfashi ya yi zurfi da sauri, ko akwai ciwon ciki mai tsanani.
In barci ya yi masa nauyi, ko yana sambatu, ko ya yi jijjiga.
In ƙafa ta kumbura, ta yi wari, ko yatsa ya yi baƙi.
In an kwana biyu ba sauƙi.

Ku tashi da rana tsaka, kada ku jira dare. Kun dai san halin hanyoyinmu, balle da damina. Akwai babban asibiti a Funtuwa, akwai a Malumfashi. In abin ya fi ƙarfinsu, sai su tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Ku tafi da kati, da takardar awo, da dukkan magungunan da ya ke sha, har da na gargajiya. Kada ku ɓoye kome.

KADA KU GUJI ALLURA

A asibiti za a yi masa ƙarin ruwa, watakila kuma a sa masa insulin ko da bai taɓa yi ba. Waɗansu sukan ce allurar nan alamar ƙarshe ce, ko kuwa wanda ya fara ba ya bari. Ba haka ba ne. An gano insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1921, aka fara yi wa majinyaci a 1922, tun daga nan ya ke ceton rayuka. Da yawa daga masu iri na biyu sukan koma kan ƙwayoyinsu bayan ciwon ya wuce.

In kun ga likita ya bar awo tsakanin 140 da 180, kada ku ce ya yi sakaci. Ga mai babban ciwo, nan ne tudun mun tsira, gama in aka matsa ƙasa da yawa sai a faɗa ɗaya ramin.

In an sallame ku da insulin kuma ba firji, a sa kwalbar a leda a ɗaure, a ajiye a ƙaramar tukunyar ƙasa, a sa ta cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a ajiye a inuwa.

CIWO MAI DAƊEWA

Tarin fuka ya fi saurin kama mai ciwon sukari. Tari ya kai mako biyu, a je a gwada majina. Maganinsa kyauta ne, wata shida a ke sha, kuma ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa tana rage wa Daonil ƙarfi, don haka a yawaita awo.

Akwai magunguna irin su deksametason da firedinisolon, da a ke ba masu asma da masu ciwon daji. Suna ta da sukari ƙwarai, musamman da yamma. In likita ne ya rubuta, kada a yanke su farat ɗaya, a gaya masa ya daidaita maganin sukari. Deksametason yana cikin abin da 'yan talla ke sayarwa da sunan sha-ka-fashe. Mai ciwon sukari ya nisance shi. Haka kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su dikulofenak da ibufurofen, suna cin ƙoda in jiki ya bushe.

Tsoho tukuf da wanda ciwo ya ci ƙarfinsa, ba a matsa musu da hani. Abin nema gare su shi ne kada sukari ya faɗi, kada kuma ya hau har ya busar da su.

ƘAFA DA AZUMI

Kai manomi, ƙafarka jarinka ce. Ciwon sukari yana kashe jin zafi, sai ƙaya ko kututturen kara ya soke ka ba ka sani ba. A duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu kowace yamma, mai kwance kuma a duba diddigensa. Ba sakiya, ba tsaga, ba ƙaho, ba gashi da wuta. Miki ko ƙanƙane ne, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Game da azumi, Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin Suratul Baƙara. Mai ciwon sukari da wani ciwo ya kayar, ya sha ruwa. In akwai shakka, a tambayi likita, a tambayi liman.

TAMBAYOYI

A yi wa juna waɗannan bayan sallar isha'i:

1. Me ya sa sukari ke hawa alhali majinyaci bai ci abinci ba?
2. Awa nawa ne tsakanin awo da awo ranar ciwo?
3. Me za a ba wanda awonsa ya nuna 60? In ya suma fa?
4. Faɗi alamu uku da ke sa a tafi asibiti ba jira.
5. A gidanku, su wa suka iya awo, kuma ina aka ajiye kuɗin mota?

In tambaya ta biyar ba ta da amsa, a gyara tun yau. Wanda ya karanta ya gaya wa maƙwabcinsa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, amin.