Amsoshin Tambayoyinku: Daga Littafin Dambe Zuwa Gajeren Fim

Malam Bello daga Goronyo ya aiko da tambaya. Ya ce ya karanta wani littafi kan 'yan damben ɓoye, cike da zubar da jini, yana son mayar da shi gajeren fim. Ta ina zai fara?

Malam Bello, mun gode. Wannan hanya ba sabuwa ba ce. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, zuwa fim.

Da farko, nemi izinin marubucin, izini a rubuce, domin labarin haƙƙinsa ne.

Na biyu, gajeren fim ba ya ɗaukar littafi sukutum. Zaɓi ɗan dambe ɗaya da karo ɗaya, ka nuna abin da ya kai shi fage, bashi ne ko neman suna.

Na uku, ka san damben ƙasarmu. A bainar jama'a ake yinsa, musamman lokacin kaka, da kiɗan kalangu da kirari, kuma asalinsa wasan mahauta ne. Ka saurari yadda mawaƙi Ɗan Anace ya wasa ɗan dambe Shago.

Batun jini kuwa, kada ka cika shi. Naɗin hannu, amon kalangu da fuskar uwar ɗan damben sun isa su girgiza mai kallo. Kuma kafin fim ya fita kasuwa, sai hukumar tace fina-finai ta duba shi.

Allah ya ba da sa'a, Malam Bello.