Gudun Mita 400: Wanda Ake Gani a Gaba, Shi Ne a Gaba?

 

Duk wanda ya halarci wasannin intahaus na bara bai manta da rigimar da ta tashi a gudun mita 400 na maza ba. Malamin wasanni ya jera 'yan gudu shida, amma ba a wuri ɗaya suka tsaya ba. Na layin ciki yana can baya, mai bi masa ya ɗan fi shi gaba, haka har zuwa na layin waje, wanda ya ba su rata mai yawa. Tun kafin a busa usur 'yan wani gida suka fara ihu wai an yi son kai. Da na layin wajen ya zo na ɗaya, sai magana ta ƙara zafi, har wasu abokai suka yi mako guda ba sa gaisawa. Mu kanmu muna cikin masu ihun, ba za mu ɓoye ba.

To ga intahaus na bana ya matso. Shi ya sa muka je wurin malamin lissafi da malamar kimiyya da tambayoyinmu, muka kuma kalli wani shahararren gudu a wayar malamin wasanni. Ga abin da muka koyo.

Gudun da muka kalla

An yi shi ne ranar Laraba, 7 ga Agusta, 2024, da dare, a babban filin wasa na Stade de France da ke kusa da birnin Faris na ƙasar Faransa. Shi ne zagayen ƙarshe na gudun mita 400 na maza a gasar Olamfik. Mita 400 zagaye ɗaya ne cif na filin gudu. Mutum takwas ne suka rage, kuma a cikinsu akwai ɗan Najeriya, Samuel Ogazi, wanda ya fito daga Kaduna. A lokacin shekarunsa 18, wato bai fi yayyenmu na aji shida da wani abin kirki ba.

Da suka fito daga kwana ta ƙarshe, saura mita 100, Matthew Hudson-Smith na Birtaniya ne a gaba. Quincy Hall na Amurka shi ne na huɗu, ya yamutsa fuska, kansa yana rawa kamar zai faɗi. Duk mun ce wannan ya gama yawo. Ashe ba haka ba ne. Ya wuce mutum ɗaya, ya wuce na biyu, sannan dab da layin ƙarshe ya sha gaban Hudson-Smith. Hall ya gama a daƙiƙa 43.40, Hudson-Smith a 43.44. Malamin lissafi ya ce wannan bambanci na 0.04 bai wuce tsawon rular da ke cikin jakarmu da wani abu ba.

Abin da ya sa gudun ya shiga tarihi shi ne mutum biyar suka gama ƙasa da daƙiƙa 44 a tsere ɗaya. Muzala Samukonga na Zambiya ya zo na uku da 43.74, ya samo wa ƙasarsa lambar Olamfik ta farko tun 1996. Jereem Richards ya yi 43.78, Kirani James ya yi 43.87, amma duk da wannan gudu sun koma gida ba lamba. Lokacin da Hudson-Smith ya yi kuwa, da ya isa ya ba shi zinare a duk gasar Olamfik da aka yi kafin nan, ban da ta 2016.

Darasi na farko: lissafin layi

Yanzu mu koma kan rigimarmu. Filin gudu yana da miƙaƙƙun gefe biyu da kwana biyu. Idan aka haɗa kwanonin nan biyu, da'ira guda ce cikakkiya. Mun riga mun koya a aji cewa kewayen da'ira shi ne 2 × 22/7 × nisan da ke tsakanin tsakiyarta da gefenta. Ke nan duk wanda ya fi nisa da tsakiya, hanyarsa ta fi tsawo. Ko a masussuka, wanda ya zagaya kusa da tarin dawa ya riga wanda ya bi ta bakin gona dawowa.

A filin gasar duniya faɗin kowane layi mita 1.22 ne. Idan muka lissafa 2 × 22/7 × 1.22, za mu samu mita 7.67. Wato duk layin da ka matsa waje, an ƙara maka tafiyar mita bakwai da 'yan kai. Layi na ɗaya ne kaɗai yake mita 400 daidai. Da a ce duk za su tashi daga wuri ɗaya, kowa kuma ya tsaya a layinsa, da na layi na takwas zai yi gudun kusan mita 453, alhali na layin ciki yana yin 400. Wannan shi ne ainihin zalunci. Don haka ake matsar da na waje gaba, domin kowa ya yi mita 400 ba ragi ba ƙari.

Ashe malaminmu gaskiya ya yi, mu ne ba mu sani ba. Muna ba shi haƙuri a gaban kowa.

Wani abin mamaki ma, 'yan gudu da yawa ba sa son layin waje, saboda na wurin ba ya ganin kowa a gabansa, bai san ko ana dab da kama shi ba. Duk da haka, a gasar Olamfik ta birnin Rio a ƙasar Barazil, ranar 14 ga Agusta, 2016, Wayde van Niekerk na Afirka ta Kudu ya tashi daga layi na takwas ya gama a daƙiƙa 43.03. Da wannan ya karya tarihin duniya na 43.18 da Michael Johnson na Amurka ya kafa tun 1999. Mai horar da shi kuwa wata tsohuwa ce mai suna Ans Botha, shekarunta 74 a lokacin. Wannan ya burge 'yan matan ƙungiyarmu ƙwarai.

Darasi na biyu: me ya sa ƙafa take nauyi?

Duk wanda ya taɓa zagaya filinmu a guje ya san cewa a kwana ta ƙarshe ƙafa tana zama kamar an ɗaura mata turmi. Malamar kimiyya ta yi mana bayani. Tsokar jiki tana buƙatar iskar oksijin domin ta sarrafa abincin da muka ci ya zama ƙarfi. A gudu mai tsananin sauri, huhu da zuciya ba sa iya kai iskar da sauri kamar yadda tsoka take nema. Sai jiki ya koma samar da ƙarfi ba tare da isasshiyar iska ba, wannan hanya kuma tana tara tsami a cikin tsoka. Shi ne zafin da muke ji da nauyin ƙafa.

Ba ɗan Adam da zai iya riƙe iyakar saurinsa har tsawon mita 400. Hatta zakarun duniya rabin farko na gudunsu yakan fi rabin ƙarshe sauri. Ke nan a mita 100 na ƙarshe kowa raguwa yake yi. Quincy Hall ba sauri ya ƙara ba, kamar yadda muka zata da farko. Sauran ne saurinsu ya ragu fiye da nasa. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Saboda haka ga shawarar malamin wasanni ga masu wakiltar gidajensu. A tashi da ƙarfi a mita 50 na farko. A miƙaƙƙen gefe na nesa a saki jiki, a ci gaba da sauri ba tare da ɗaure kafaɗa ba. A kwana ta biyu a fara matsawa. A mita 100 na ƙarshe a yi aiki da hannuwa, a ɗaga gwiwa, kada a waiwaya. Kuma kada wanda ya taka layin da ke cikinsa a kwana, domin yin haka rage hanya ne, ana iya soke gudun mutum a kansa.

Darasi na uku: na bakwai ma ya yi abin a zo a gani

Samuel Ogazi ya zo na bakwai da daƙiƙa 44.73. Da muka ga haka wani a cikinmu ya yi tsaki. Malam ya ce masa ya dakata ya ji. Kafin Ogazi ya kai wannan dare sai da ya tsallake zagaye biyu, kuma a na kusa da na ƙarshe ya yi 44.41, wanda shi ne gudu mafi sauri da ya taɓa yi zuwa lokacin. Rabon da a ga ɗan Najeriya a zagayen ƙarshe na mita 400 na maza a Olamfik tun 1988, lokacin da Innocent Egbunike ya zo na biyar a birnin Seoul na Koriya ta Kudu. Shekara 36 ke nan, yawancin iyayenmu ma suna yara. Shi Egbunike ya yi 44.17 a birnin Zurich a 1987, kuma har zuwa wasannin Faris ba ɗan Najeriyar da ya fi shi.

Ogazi ba shi ne na farko daga Arewa ba. Marigayi Sunday Bada, wanda aka haifa a Kaduna, ya zama zakaran duniya na mita 400 a gasar cikin ɗaki a 1997, kuma a birnin Faris ɗin nan ne. Kaduna ba bangon duniya ba ce daga Bena. Mu da ƙasarmu ta Zuru ta yi suna wajen jarumta da kokawar bikin Uhola, muna da yara masu tafiyar kilomita da yawa kullum kafin su iso makaranta. Wa ya sani ko akwai mai irin wannan ƙafa a ajinmu, ba a dai taɓa auna gudunsa da agogo ba?

Roƙonmu

Muna roƙon shugaban makaranta ya ba mu izini, mu da malamin lissafi, mu auna filinmu da tef kafin ranar intahaus, mu ja layuka da toka, mu rubuta ratar kowane layi a allo yadda kowa zai gani. Muna kuma roƙon a riƙa rubuta lokacin kowane ɗan gudu, har na ƙarshe, domin baɗi ya san ko ya ci gaba.

Aikin gida

1. Idan faɗin kowane layi a filinmu mita 1 ne, mita nawa ya kamata na layi na biyu ya fi na layi na ɗaya gaba? Na layi na shida fa?
2. Quincy Hall ya yi mita 400 a daƙiƙa 43.40. Mita nawa yake yi a kowace daƙiƙa?

A kawo amsa ga sakataren ƙungiya kafin ranar Juma'a. Za mu liƙa sunayen mutum uku na farko da suka ci a fitowa ta gaba. Allah ya ba mai rabo sa'a, ya kuma sa a yi wasa lafiya a gama lafiya.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare.