Yadda Ake Haɗa Wasan Cike Gidaje da Hausa

A wannan makon, mu 'yan kulob ɗin jarida mun kawo darasi a kan wasa ƙwaƙwalwar nan da ake zana gidaje a takarda kamar ramukan dara, a cike kowane gida da harafi ɗaya. Wasu kalmomin suna kwance, wasu suna tsaye, kuma suna haɗuwa a kan harafi. Wani ɗan jarida mai suna Arthur Wynne, haifaffen Libaful a Ingila, shi ya buga irin wasan a jaridar New York World ta Amurka ranar 21 ga Disamba, 1913. Yawancin waɗanda muke gani na Turanci ne. Muna so mu riƙa liƙa namu na Hausa a wannan bango, da sunayen garuruwanmu da abin da iyayenmu ke nomawa.

Dokar wasan ita ce adalci. Idan mai haɗawa ya yi kuskure a gida ɗaya, ɗalibi zai ƙare lokacin tara yana fama, ya ɗauka shi ne bai da ƙoƙari, alhali laifin ba nasa ba ne. Daga nan ba zai sake tsayawa a gaban bangonmu ba.

Mataki na farko: kalmomi kafin tambayoyi. A samo fensir da rula, a zana gidaje bakwai a kwance, takwas a tsaye. A fara da kalma mafi tsawo. Mu ɗauki GORONYO, harafi bakwai, mu kwantar da ita a layi na huɗu. Harafinta na uku R ne, sai RABAH ta sauko daga nan. Harafinta na biyar N ne, kuma N shi ne na huɗu a WURNO, saboda haka WURNO za ta taso daga layin farko ta ratsa ta.

Ga wani tarko. Mutum zai so ya saka ALBASA a kwance ta bi ta kan B na RABAH. To amma S ɗinta zai faɗo daidai ƙarƙashin O na ƙarshen WURNO, mai karatu ya ga WURNOS, kuma babu gari mai wannan suna. Sai a sauka layi na bakwai a saka MASARA, ta bi ta kan A na biyu na RABAH. Duk gidan da babu harafi a cikinsa a shafe shi da baƙi.

Mataki na biyu: lamba. Ana sa lamba a gidan da kalma ta fara, daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. A namu, WURNO ce 1 a tsaye, GORONYO 2 a kwance, RABAH 3 a tsaye, MASARA 4 a kwance.

Mataki na uku: rubutun Hausa. K daban, Ƙ daban. Baki na cin tuwo ne, baƙi kuwa launin gawayi ne. Ba a haɗa kalma mai Ƙ da mai K a gida ɗaya, haka ma B da Ɓ, da D da Ɗ. Su kuma SH da TS, mun yanke cewa kowane harafi da gidansa, wato SHINKAFA gida takwas za ta ci. Sannan a gida muna cewa hwara da tahi, amma a littafi fara da tafi ake rubutawa. A wasan, daidaitacciyar Hausa za mu bi, irin wadda ake yi mana jarrabawa da ita. A rubuta waɗannan ƙa'idoji a ƙasan wasan don kowa ya sani.

Mataki na huɗu: tambayoyi. Tambaya mai kyau amsa ɗaya gare ta. Idan aka rubuta "Abin da ake nomawa (6)", wani zai ce masara, wani ya ce albasa, kuma duk sun yi daidai. Ga yadda ya fi:

1 tsaye: Garin da kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake (5)
2 kwance: Gari mai babbar madatsar ruwa a kan kogin Rima (7)
3 tsaye: Garin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello (5)
4 kwance: Tana da goyo, tana da gemu, ana gasa ta a ci (6)

Lambar da ke cikin baka tana nuna yawan haruffa. Kada amsar ta fito a cikin tambayar. Kada a saka sunan ɗalibi ko malami don tsokana. Abin da ya shafi tarihi kuma, a tambayi malami kafin a rubuta.

Hausa tana da wani daɗi a nan. Tun da ba ma nuna karin sauti a rubutu, kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana biyu. FARI launi ne, kuma rashin ruwan sama ne. Sai a ce: "Launin alli, kuma abin da manomi ke tsoro (4)".

Mataki na ƙarshe: gwaji. A ba wani wanda bai ga amsoshin ba ya cike. Inda ya tsaya, a duba ko tambayar ce ba ta fita ba. Sai bayan haka a kwafe a kan kwali da maka.

Roƙonmu shi ne, idan mun liƙa, kada kowa ya cike a jikin bango da biro, don na bayansa ma yana so ya gwada. A kwafa a littafi. Wanda ya haɗa nasa ya kawo wa kulob kafin ranar Alhamis. Kafin nan, ga ta gwaji: "Ana tuƙa tuwo da shi, kuma Kagara ma shi ne (4)". Amsa sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.