Kafin Shamuwa Ta Iso

Kishiyata, ranar da na zo ganin ɗakinki ban ce miki komai ba, don gidan cike yake da baƙi. Kujeru sun yi, labule ya yi, Allah ya sanya alheri. Amma da na fito tsakar gida zan yi alwala, sai na ga siminti tun daga bakin ƙofa har jikin katanga, ko tsinke ɗaya bai tsiro ba. Ina kallo ruwan alwalata ya bi rariya ya fice titi. Wannan ruwan ne ya tsaya mini a rai har na dawo gida.

Na san amsarki: gidan haya ne, mai gida ba zai yarda a fasa masa daɓe ba. To, wa ya ce a fasa? Buhun shinkafar nan da aka kai miki cikin gara, in ya ƙare kada ki yar. Ki naɗe bakinsa zuwa rabi, ki huda gindinsa wuri biyar ko shida don ruwa ya riƙa tsiyaya, ki cika shi da ƙasa. Bokitin da ya tsage da jarkar da aka yanke wa kai, duk za su yi. Sai dai kada ki ajiye su a kan simintin kai tsaye, don zafinsa a watan Afrilu dafa saiwa yake yi. Ki ɗora a kan bulo, ki jera su a gindin katangar yamma, inda hantsi zai same su, ranar azahar kuma ta tarar da su a inuwa.

Ƙasar ita ce aikin. Turɓaya kashi biyu, taki kashi ɗaya, in kin ga tana danƙo ki ƙara ɗan yashi. Takin kuma ya zama wanda ya kwana biyu, kashin awaki ko na tumaki da ya bushe ya ruɓe har yana marmashewa a hannu. Ina amarya kamarki na taɓa share akurki, na kwashe kashin kajin ɗanyensa na zuba wa kuɓewata, wai ni mai son ta yi sauri. Kwana uku ganyen ya ƙone ƙurmus kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Uwar mijina, Allah ya jiƙanta, ta zo ta tsaya a kai, ba ta yi faɗa ba, dariya kawai ta yi ta koma ɗaki. Da ma faɗan ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Ki fara da alayyahu, shi ba ya ba sabon hannu kunya. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, ki cakuɗa da yashi ki barbaɗa, cikin wata guda kin fara tsinka. Kuɓewa ki jiƙa irin ya kwana, ki sa ƙwaya biyu a buhu, wajen wata biyu za ki ga 'ya'ya. Yakuwa da rama ba sa neman lallashi. Na'ana'a ki ware mata mazubinta, don yaɗo take yi ta cinye wurin kowa. Tumatir kuwa ki haƙura da shi sai kaka ta wuce sanyi ya shigo. Zafin bazara zubar masa da fure yake yi, damina kuma ta jawo masa ciwo.

Zogale daban yake. Reshe ake yanka kamar kamu biyu a kafa, amma yana son wuri mai zurfi, rabin duro ko makamancinsa. Da ya kai kafaɗarki ki datse kansa. In kin ji tausayinsa kin bar shi, zai miƙe sama siriri, ganyen ya fi ƙarfin hannunki.

Yanzu hunturu ya ja jiki, bazara ta kunno kai, a Kano kuwa ruwa ba ya zama sosai sai wajen Yuni. Kafin nan ban ruwa a wuyanki yake: bayan asuba da bayan la'asar, ban da tsakar rana. Ki riƙa yin alwala a kan roba ki juye musu, haka ruwan wanke shinkafa. Na omo kada ya kusance su. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa don ta riƙe laima. Ƙadangare zai zo wa tsiron, sai ki yafa musu tsohon gidan sauro. In ƙwari sun sauka, ki daka ganyen darbejiya ki jiƙa ya kwana, ki tace, ki yayyafa da yamma.

Ba don kuɗin cefane kaɗai nake wannan dogon zance ba, ko da yake shi ma ba abin rainawa ba ne. Ku yaran yanzu sai damina ta faɗi ba ku san ta taho ba. Mu da muka tashi a ƙauye, in muka ga shamuwa ta sauka tana haɗa sheƙa, mun san a gyara rufin ɗaki a fito da iri. Gawo kuwa, da sauran itatuwa suka fara kore sai shi ya zubar da nasa ganyen. A waya ba za ki ga waɗannan ba. Ki sa ruwa a kasko kusa da shukarki, ki shimfiɗa tabarma bayan la'asar, ki kife wayar ki zauna. Kurciya za ta fara zuwa, tana leƙe tana ja da baya, sannan ƙananan tsuntsaye su biyo ta. In sun tsattsagi ganye ɗaya biyu kada ki kore su, malamai sun karantar da mu cewa abin da tsuntsu ya ci daga shukar mutum sadaka ce.

Na ƙulle miki irin kuɓewa da na yakuwa a tsumma, na bara ne, daga bayan ɗakina. Ranar Juma'a ki turo ƙanin mijinki ya karɓa, ya zo da wuƙa mai kaifi ya yankar miki zogalen, ni hannuna ya daina kaiwa.